Baƙuwar da Na Riƙa a Takaba

Shekarar da mahaifinku ya rasu ita ce shekarar da na riƙi kare, kuma na san har yau kowannenku yana ba wa 'ya'yansa labarin yadda ya yi masa daɗi. Sadiya tana cewa tausayi ne irin nawa, Abba yana cewa amanar mahaifinku na riƙe. Na gode da kyakkyawan zato, amma ba haka aka fara ba, kuma tunda Allah ya bar mini sauran idon rubutu, gara ku ji daga bakina. Ni dai a duk rayuwata ban taɓa son kare ba. A cikin gari na tashi, gidan malamai, inda in kare ya leƙo zaure sai an bi shi da jifa, a kuma wanke inda ya taka. Shekara talatin da wani abu na yi ina shugabantar makarantar firamare, abin da na fi iyawa shi ne ɗaga murya. Mahaifinku Lasifika yake ce mini in muna mu biyu, wai in na kira ɗayanku daga kicin har 'ya'yan maƙwabta amsawa suke yi. Shi kuwa malamin dabbobi ne, ritaya ba ta raba shi da jakar alluransa ba. Ko bayan mun tare a gidanmu na Gwallameji, kullum da mai buga mana ƙofa, wannan akuyarsa ta ƙi cin abinci, wancan kajinsa suna mutuwa.

Wata Alhamis da rana ya dawo daga wurin wani mai kiwon karnuka a bayan gari, irin manyan karnukan Turawan nan da ake sayar wa masu gidaje a GRA don gadi. Tare yake da Dakta Rifkatu, wadda ta koyi aiki a hannunsa tun tana yarinya. Na leƙo ta taga na ga sun ciro wani abu daga bayan mota, nannaɗe a tsohon bargo, suna tafiya da shi a hankali. Karya ce. Shekara shida ta yi a cikin keji tana haihuwa ana kwashe 'ya'yan ana sayarwa, da haihuwar ta tsaya sai mai ita ya ce zai ba masu sayen karnuka na yanka. Haƙarƙarinta a waje, gashin gwiwoyinta ya zube, farcen ƙafafunta ya yi tsawo har ya lanƙwashe, don ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Malam, me nake gani haka?"

"Baƙuwa ce, Hajiya. Sati biyu kawai za ta yi, kafin Rifkatu ta samo mata gida."

"To baƙuwarka ce. Ni ba ruwana, kuma kada kwanona ko ɗaya ya je wajenta."

"Na ji. Alfarma ɗaya nake nema, in kin zo bayan gida ki rage sauti."

Ya sa ta a tsohon ɗakin janareto da ke can ƙarshen gida, kusa da bishiyar gwaiba, ya bar ƙofar a buɗe don ta fito in ta ga dama. Ba ta ga dama ba. Safe da yamma shi yake kai mata abinci, ni kuwa na cika alkawarina, ko hanyar ban bi ba. Kwana takwas bayan haka ya dawo daga sallar La'asar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin mu isa asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Kwana uku na manta da ita. Ba ɓoye ta na yi ba, ba kuma dauriya na yi ba, mantawa na yi kamar babu ita a duniya. Gida ya cika da masu ta'aziyya, an kafa tukwane a bayan gida, taku goma tsakaninsu da ɗakin janareto, mata suna tuƙa tuwo suna raba nama, kuma babu wanda ya san da kare a gidan, don ko tari ba ta yi ba. Ranar sadakar uku da yamma, bayan an watse, na zagaya baya in sha iska, sai idona ya faɗa kan wani tsohon kwanon silba a gindin gwaiba, an wanke shi an kife. Wankin mahaifinku ne, shi kaɗai yake kife kwano ya ɗora dutse a kai. Sai a lokacin na tuna da ita. Na leƙa ɗakin, ƙofar a buɗe yadda ya bar ta, bahon ruwan da ya cika mata ya bushe ƙaf, ita kuma tana kwance a kusurwa ta cusa kanta a bango. Ƙamshin nama ya kwana uku yana shiga mata hanci, ƙofa a buɗe, ba ta fito ba, don ba ta san ana fita ba. Kowa ya san abin da aka faɗa game da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Na zauna a ƙasa a bakin ɗakin na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba, rabi na mahaifinku, rabi na kunya.

Na ɗebo ruwa da hannuna na ajiye mata, na ja da baya. Sai da na juya mata baya gaba ɗaya na ji ƙarar lasar ruwa. Washegari na kira Dakta Rifkatu na faɗa mata gaskiya. Ba ta zarge ni ba, Allah ya saka mata. Ta duba ta, ta yanke mata farce, sannan ta ce:

"Mama, ni ɗaki ɗaya nake haya a Yelwa, ba inda zan sa ta. Gidan da na yi magana da su kuma sun ce mai haushi suke so. In za ki iya riƙe ta na ɗan lokaci, ni zan riƙa kawo magani."

"Ni da ko sunanta ban sani ba?"

"Ba ta da suna. A can da lamba suke kiran ta."

Sai na ci gaba da kiran ta da abin da mahaifinku ya kira ta, Baƙuwa. Na aika a tambayar mini limamin unguwa, ya ce in dai a bayan gida take ba a cikin ɗakunan kwana ba, kuma kwanonta daban, babu laifi, ai ana ajiye kare don gadi. Na yi murmushi na farko tun rasuwar, don wannan mai gadin ko ƙadangare ya gifta sai ta yi fitsari.

Kun san yadda takaba take a wajenmu. Wata huɗu da kwana goma mace tana gida, ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba awarwaro. Zane biyu nake juyawa, masu duhu, da wani tsohon mayafi ruwan toka. Inna Kulu, tsohuwar da danginku suka ɗauko ta zauna da ni, ita ce mai tsaron dokoki: mai takaba ba ta sauri, ba ta ɗaga murya, ba ta ƙyalƙyala dariya. Wasu a addini suke, wasu al'ada ce kawai, amma ban yi gardama ba, don ni kaina ba ni da ƙarfin yin wani abu daban. Na ajiye tarin makullan da nake ratayawa a ƙugu tun ina makaranta. Na zama mace mai tafiya kamar tana ɗauke da ƙwaryar nono a ka. Ban sani ba, ashe irin mutumin da Baƙuwa take bukata ke nan. Kullum bayan La'asar sai in ɗauki tabarma da carbi in zauna a gindin gwaiba, na ba ɗakin baya, in yi lazimina ƙasa-ƙasa. Ba don ita na fara ba, don nan ne kaɗai ba mai zuwa ya ce mini in yi haƙuri. Sati na farko ba komai. Sati na biyu na fara jin numfashi a bakin ƙofa. Kowace rana ina matsar da kwanonta taku ɗaya zuwa waje, in ta ƙi ci in mayar da shi inda yake jiya. Ranar da ta fara sa ƙafa a kan ƙasa, ɗaga ƙafar ta yi da sauri tana dubawa, kamar wanda ya taka garwashi. Kafin sadakar arba'in tana kwanciya a bayana, tazarar kamu biyu, ta yi ƙiba, gashinta ya fara sheƙi. Ban taɓa ta ba, ita ma ba ta taɓa ni ba, kuma hakan ya yi wa kowannenmu daidai.

Ranar arba'in ɗin ne mai kiwon ya zo ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha sai ya ja baffanku Sale gefe, ya ce akwai ajiyarsa a gidan, wai jinya ya ba marigayi karyar, ba kyauta ba. Ashe labari ya kai masa cewa ta murmure, yana ganin za ta iya ƙara haihuwa ko sau ɗaya. Baffanku ba mugu ba ne, kada ku riƙe shi. Abu biyu suka dame shi: ba ya son kare a gidan ƙaninsa, kuma yana tsoron a bar haƙƙin wani a wuyan mamaci. Ya shigo falo ya zauna, ni ina daga gefe a lulluɓe.

"Hajiya, mutumin nan ya ce kayansa ne. Ba takarda, mai maganar kuma ya tafi. Mu sauke wa marigayi nauyi."

"Yaya, a gaban Rifkatu ya ba shi. Cewa ya yi a ɗauke ta ya huta."

"To ko da kyauta ce, ai don a samo mata gida ne. An samo?"

"Ba a samo ba tukuna."

"Shi ke nan. Ba abin da zai fita daga gidan nan sai kin fita takaba. In an samu mai riƙe ta kafin Asabar ɗin da ke biye, na tsaya miki, zan ce masa ya haƙura. In ba a samu ba, ya zo ya ɗauki abarsa."

Mai kiwon ya amince ba musu, don ya san kayansa. Wa zai ɗauki karen da ba ya haushi? Da a kwanakin da nake da murya ne, da sai unguwa ta taru a kanmu ranar. Amma ina takaba, sai na ce to, a hankali, na koma gindin gwaiba. Na san kejin da za ta koma. Rifkatu ta ce ko juyawa ba ta iya yi sosai a cikinsa.

Tunda ba na fita, masu neman kare su suke zuwa. Rifkatu ta yi ƙoƙari. Wani Alhaji daga GRA ya aiko direbansa da sarƙa mai kauri, ya shigo yana tafa hannu yana fito, Baƙuwa ta shige ɗaki ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Wata malamar jami'a ta zo da 'ya'yanta uku, yara masu kirki, amma suka ruga da gudu za su rungume ta. Wani kuma tambayarsa ta farko ita ce ko tana cizo, da na ce a'a sai ya miƙe ya yi sallama. Duk wanda ya tafi sai in ji wani sanyi a raina, kuma a nan ne laifina na biyu yake. Na riga na yanke shawara a zuciyata ban faɗa wa kowa ba: ranar Asabar ɗin zan dubi baffanku in ce gida ya samu, ga shi nan muna ciki. Ni da na ce kada kwanona ya je wajenta, na koma ina tsame mata nama daga miyata.

Ana saura wata guda sai Mista Efiyong ya zo. Ƙananan cikinku ba za su tuna shi ba. Mai gyaran agogo ne, ya zo Bauchi daga kudu tun yana saurayi, ya yi shekaru da teburinsa a bakin kasuwa kafin ido ya fara ba shi wahala ya koma gidansa a Yelwa. Abokin mahaifinku ne na dara. Ya zo duba agogon bangon falo da ya tsaya, sai ya ce hasken ciki bai ishe shi ba, Inna Kulu ta shimfiɗa masa tabarma a bayan gida. Mutum ne da in yana tafiya ba ka jin takunsa, in zai ɗauki abu sai ya yi kamar yana neman izininsa. Ya baje ƙananan sukurorinsa a kan farin ƙyalle ya duƙufa, ko sau ɗaya bai dubi ɗakin janareto ba. Ina daga nesa ina kallo, Baƙuwa ta fito, ta zagaya ta bayansa, ta shinshina takalminsa, ta kwanta. Abin da ya ɗauke ni sati shida, shi a yini ɗaya ya samu. Da zai tafi ya tsaya daga nesa ya ce, da irin Hausarsa:

"Hajiya, kare ɗin nan, shi ba ya son a kalle shi. Namu ya mutu bara, gida ya yi shiru. Ni da Madam ne kawai, yara duk sun tafi. In kina neman wuri, akwai wuri."

"Ai ba ta gadi, Mista Efiyong."

"Me za a sata a gidana? Agogo da ba ya tafiya?"

"To na ji. Za mu yi shawara."

Ba shawarar da na yi. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, kishin karya, ni da furfurata. Da Rifkatu ta tambaye ni sai na ce mata ya tsufa, ba zai iya ba.

Ranar fita takaba kuna nan, kun ga abin da kuka gani. Tun safe aka yi mini wanka da kitso, Sadiya ta sa mini lalle, ta ɗauko sabuwar shadda mai ƙara in ana tafiya, aka turara ni da turaren wuta, aka shafa mini humra har sai da na yi atishawa. Na mayar da awarwarona da makullaina. Inna Kulu ta naɗe zannuwan takaba da mayafin ta sa a jakarta, don al'ada ita ake ba wa. Aka soya waina aka raba, ƙawayena na makaranta suka cika falo, wata ta tuno wani tsohon labari, sai na ji dariya ta fito mini daga ciki, irin tawa ta da, har na buga cinya. Na ƙwala wa Abba kira daga kicin ya amsa daga bakin titi. Wallahi na ji daɗi. Ban san na yi kewar muryata haka ba sai ranar. Da La'asar ta yi na zuba abinci a kwanon silba na nufi bayan gida da saurina, shadda tana ƙara, makullai suna kaɗawa, na ce da ƙarfi, "Baƙuwa, yau fa mun fita." Tana kwance a gindin gwaiba tana jira. Ta ɗago ta dube ni, ta maƙale wutsiya, ta ja ciki ta shige ɗakin janareto, ta cusa kanta a kusurwar nan da na same ta ranar sadakar uku. Na kira ta a hankali, na zauna na ba ta baya, na yi duk abin da na saba. Ba ta fito ba. Matar da ta sani ba ta da ƙamshi, ba ta da ƙara, kuma wannan matar ta tafi a jakar Inna Kulu.

Laraba ce ranar. Alhamis na wanke turaren, na cire awarwaro, na yi ta tafiya a hankali, ta ɗan leƙo ta ci rabin abinci. Sai wayata ta yi ƙara, wata tsohuwar ɗalibata ce, kafin in ankara ina tsakiyar gida ina ba ta labari da hannu da ƙafa, na waiwaya na ga kwano a ƙasa ba kowa. Na zauna na yi wa kaina hisabi, kuma ba na so ku ɗauka wata sadaukarwa na yi. Tambayar kawai ita ce, zan iya ƙarasa rayuwata ina raɗa? Jikoki za su zo hutu, ƙawaye za su zo biki, ni kaina ba zan iya kwana biyu ban daka wa wani tsawa ba. Na riƙe ta da kyau ne don ina cikin baƙin ciki, kuma baƙin cikin ya fara sakina, ban kuwa so ya dawo ba. In na ce gida ya samu, na ci nasara a kan baffanku da mai kiwon, ita kuma ta ƙare kwanakinta a kusurwa, a wani kejin da ya ɗan fi faɗi. Na ɗauki waya na kira Mista Efiyong, na ce masa na yi masa ƙarya da na ce za mu yi shawara, in wurin yana nan ya zo gobe.

"Wuri yana nan, Hajiya," in ji shi. "Na riga na gyara masa inuwa."

Saura yadda za a fito da ita ta shiga mota ba tare da an ja ta da igiya ba, don na rantse ba za a ja ta ba. Na aika wa Inna Kulu ta ara mini zane ɗaya da mayafin. Ta zo da kanta, ranta a ɓace.

"Hajiya, wa ya taɓa mayar da kayan takaba? Kina kiran wata mutuwar ne?"

"Inna, mutuwa ba ta jiran zane. Awa ɗaya kawai, in mayar miki."

"Saboda kare?"

"Saboda baƙuwar mijina. Ba a sallamar baƙo da baƙuwar fuska."

Abin da maƙwabta suka gani ke nan ranar Juma'a da hantsi, suka yi ta yaɗa cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai, har Abba ya fara maganar kai ni wurin likita. Lafiyata ƙalau. Na yi wanka ba sabulu mai ƙamshi, na ɗaura zanen, na zauna a gindin gwaiba da carbina, Mista Efiyong yana can gefe a zaune yana kallon ƙasa. Mun fi awa ɗaya. Sai na ji numfashi a bayana, daga nan na ji wani abu mai sanyi ya taɓa mini gwiwar hannu. Hancinta ne. Shi ne karo na farko da ta taɓa ni, shi ne kuma na ƙarshe. Na miƙe a hankali na fara tafiya, ta biyo ni, muka wuce kicin, muka wuce zaure, wuraren da ba ta taɓa takawa ba, har bakin motar Rifkatu, wadda take jiran mu a waje. Na shiga baya na zauna, ta tsaya tana rawar jiki, can ta hau. Mista Efiyong ya shiga ta ɗaya ƙofar ya zauna kusa da ita, ni kuma na zame na fita na rufe ƙofa ba ƙara. Na san yaudara ce, kuma na ji ta a ƙirjina. Na koma ciki na cire zanen, na wanke hannuna zuwa gwiwa, na ba Inna Kulu kayanta. Da baffanku ya zo ranar Asabar na ce masa gida ya samu a Yelwa. Ya cika alkawari, ya je da kansa ya sallami mai kiwon.

Rifkatu ta ce kada in je da wuri, in bar ta ta saba. Sai bayan wata biyar na hau keke mai ƙafa uku na tafi, a matsayin ni kaina, da shaddata da turarena da makullaina. Madam ta buɗe mini ƙofa ta rungume ni. Gidan ƙarami ne, da bishiyar gwanda biyu da 'yan ganyayen miya a gefe. Mista Efiyong yana zaune a baranda da tabarau, ya buɗe cikin wani agogo. Baƙuwa tana tsakiyar tsakar gida, ba a jikin bango ba, ba a ƙarƙashin komai ba, a fili sarari, ta miƙe ƙafafu a rana tana barci. Da ta ji sallamata, wadda duk ƙoƙarina ba ta fito ƙarama ba, ta ɗaga kai. Na jira ta ruga ta ɓuya. Ba ta ruga ba. Ta tashi ba gaggawa, ta je ta zauna a kan ƙafar Mista Efiyong, ta dube ni irin kallon da kare yake yi wa baƙon da ya shigo gidansu.

"Ki kira shi, Hajiya," in ji Madam. "Wataƙila zai tuna."

Na ce a'a, a bar ta. Na zauna muka sha hira, na yi dariyata yadda nake so, tana nan a zaune ba ta ko motsa ba. Da la'asar na yi musu sallama na hau keke na dawo gida, kuma ranar na ci tuwo har da ƙari.